Madara da takunkumi: me ya kamata ƙungiyar masu sana'a ta saya wa mambobinta?

Nura Sakatare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta masu sana'ar hannu ta tara ɗan kuɗi a asusun walwala, kwamiti kuma ya kawo shawarar a sayi takunkumi irin na asibiti da madarar gwangwani a raba wa mambobi. Cikinmu akwai masu walda, masu injin niƙa, masu feshi a gona, masu yasar rijiya, da samarin da ke tafiya haƙar zinariya idan rani ya yi. Kafin a fitar da kuɗin muna son jin ta bakin masana.

Dokta Bilkisu: Wa alaikumus salam. Malam Nura, a fara cire madara daga lissafin. Abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke ƙirji. Hayaƙi da ƙura ta hanyar numfashi suke bi su sauka cikin huhu, madara kuwa ta maƙoshi take wucewa ta faɗa ciki. Babu inda suke haɗuwa.

Oga Ɗanladi: Likita, a gafarce ni. Duk mai waldar da ya wuni a kan bututun galbanaiz ya san zai kwana da zazzaɓi da rawar ɗari. Ya sha madara, gari ya waye ya tashi garau. Wannan fa?

Dokta Bilkisu: Zazzaɓin gaskiya ne, Oga. Farin rufin da ke jikin galbanaiz tutiya ce. Idan wuta ta ƙona ta sai ta tashi a farin hayaƙi, bayan awa 4 zuwa 10 mutum ya ji zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yana sauka da kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, an sha madara ko ba a sha ba, sai madara ta kwashe yabon. Abin da ba ya sauka shi ne wanda ke taruwa shekara da shekaru. A 2017 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin walda a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Sandar walda kuma tana da sinadarin manganis, wanda idan ya yi yawa a jiki yake taɓa ƙwaƙwalwa, hannu ya riƙa karkarwa, tafiya ta yi nauyi.

Injiniya Kabiru: Bari in ɗora a kan maganar Dokta. A aikin kiyaye haɗari, kayan da ake sa wa mutum a jiki su ne na ƙarshe a layi. Da farko a kawar da abin, idan bai yiwu ba a tare shi tun daga inda yake tasowa, sai a rage lokacin da mutum yake zama a cikinsa. Abin da ya ragu shi takunkumi zai tare. Mu kuwa daga ƙarshen muke farawa saboda shi ne ake iya rabawa a taro a ɗauki hoto.

Ga mai walda: a sa giranda a kankare rufin galbanaiz ko tsohon fenti kamar santimita 5 zuwa 10 kowane gefe na inda za a ɗinke, kafin a kunna wuta. A tsaya yadda iska za ta ratsa ta gefe. Idan ta bayanka take bugowa, hayaƙin yakan kewayo ya taru daidai hancinka. Kai kuma kada ya kasance saman aikin. Gilashin fuska lamba 10 ga aikin da bai wuce amfiya 160 ba, lamba 12 idan ya haura. Baƙin tabarau na kasuwa duhu kawai yake kawowa, ba don wannan hasken aka yi shi ba, kuma ya bar fuska da wuya a buɗe. A tuna da yaron shago mai riƙe ƙarfe: shi ne ke juya fuska ya runtse ido, shi ne kuma ke tashi tsakar dare yana jin kamar an zuba masa yashi a ido, don ƙunar hasken sai bayan awa 6 zuwa 12 take bayyana. A saya masa garkuwar fuska tasa. Idan ƙunar ta auku, tsumma mai sanyi a kan ido da maganin ciwo, a ga ma'aikacin ido idan ta wuce kwana biyu. Ban da ruwan sukari, ban da ruwan albasa, ban da ɗigon nan mai kashe zafi nan take, don yawan amfani da shi yana cinye saman ƙwayar ido.

Sannan tanki ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur. Wanda aka juye ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage a ciki ne ke fashewa. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a buɗe duk murafai, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi waldar.

Oga Ɗanladi: Na tanki babu musu. Amma Injiniya, a zafin Afrilu wa zai wuni da roba a fuska? Minti goma zufa ta cika ta. Ku da ke ofis kuna mantawa da wannan.

Injiniya Kabiru: Ba a manta ba, Oga, shi ya sa na ce iska da kankarewa su zo gaba. Fanka ɗaya da rumfa mai buɗaɗɗen gefe sun fi kwali goma na takunkumin da za a rataye a wuya. Takunkumin asibiti shuɗin nan ma ba don ƙura aka yi shi ba, gefensa a buɗe yake, iska kuwa inda ta samu sauƙi take bi. Na ƙura shi ne mai rubutun N95 ko FFP2, mai igiya biyu da ke zagaya kai da ƙarfen da ake matsewa a karan hanci. Shi ma ƙura da hayaƙin ƙarfe kawai yake tarewa. Tururin fetur, tina, fentin mota da maganin feshi ratsa shi suke yi kamar babu. Su sai na roba mai gwangwanin gawayi, mai alamar A da launin ruwan ƙasa, kuma ranar da ka fara jin wari ta ciki gwangwanin ya mutu.

Malam Shehu malamin gona: Masu gemu fa? Don rabin mutanen da ake magana a kai masu gemu ne.

Injiniya Kabiru: Gaskiyar magana, gashi a ƙarƙashin bakin takunkumi yana hana shi kamawa, kariyar ta ragu sosai. Akwai hula mai rufe kai gaba ɗaya da ƙaramin inji mai hura iska, ba ruwanta da gemu, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin mai shago. Don haka ga mai gemu, ruwa a kan ƙura da iska a kan hayaƙi su ne abin dogaro. Kada ya sa takunkumi ya ɗauka ya tsira.

Malam Shehu malamin gona: To a feshi ma hanci ba shi ne babbar ƙofa ba, fata ce. Lokacin da ya fi haɗari shi ne haɗa magani, don a nan ake taɓa shi tsagwaronsa kafin a tsarma. Abubuwan da ke kai samari asibiti sanannu ne: aunawa da murfin kwalba ana zubowa a yatsa, dama magani da hannu a bokiti, busa bakin famfo da baki idan ya toshe, da tankin goyo mai lita 16 da murfinsa ke yoyo, maganin ya jiƙa riga ya gangara gadon baya har cikin wando, inda fata ta fi ko'ina saurin shanyewa. Mutum ya wuni a haka cikin rana yana zufa.

Idan za ku saya musu abu, ku sayi safar hannu ta roba irin naitiril mai tsawo zuwa gwiwar hannu, dogon takalmin roba, da robar murfi da ta famfo na canji. Safar yadi ko ta fata ta fi babu muni, don tsotse maganin take yi ta riƙe shi a jikin fata. Ƙafar wando a saman takalmi, ba a cusa ta ciki ba. Bakin famfo da tsinken ciyawa da ruwa ake buɗe shi. Feshi da sassafe ko da yamma, iska tana kwashe maganin daga jikinka. Babu goro, babu sigari, babu cin abinci sai an wanke hannu da sabulu. Kayan feshi a wanke su daban, kada a haɗa da na yara. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye sau uku a juye ruwan cikin tanki, a huda ta, don kada ta koma gida ta zama ta man gyaɗa.

Sista Rabi: Ƙari daga ɓangaren asibiti. Magunguna irin su DDVP, wanda ake sayarwa da sunan Sniper da piya-piya, alamarsu zufa mai yawa, dalalar miyau, hawaye, amai, gudawa, ƙirji yana kurari, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗan ɗigo. A cire masa kayan, a wanke jiki da ruwa da sabulu kamar minti 15, mai wankewar ya sa safa, a kwantar da shi a gefensa, a nufi asibiti tare da kwalbar. Kwalbar nan ita ke gaya mana ko allurar atirofin za ta yi aiki. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. Mutumin da hankalinsa ke gushewa idan aka ɗura masa abu huhu yake tafiya, yawancin magungunan nan kuma a cikin mai irin na kananzir aka narkar da su. Farakwat, maganin ciyawa mai ƙonewa, shi ba shi da makari, kurɓi ɗaya yana iya lalata huhu cikin kwanaki ko da mutum ya ga kamar ya warware.

Malam Shehu malamin gona: Sai ƙwayar hatsi da ake sa wa wake da masara a buhu. Ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iska mai guba da ake kira fosfin da zarar ta ji danshi. Buhun da aka sa wa ita ba ya kwana a ɗakin da mutane ke barci, ko ɗakin da ke manne da shi. Ta kashe iyalai a haka. Zuba DDVP a kan wake kuwa shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015.

Hajiya Uwani: Ku sa mata masu rini da masu haɗa sabulu a lissafi. Kostik ake zuba wa ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a zuba ruwa a kan kostik, don tafasa yake yi ya fantsamo. Ba a haɗa shi a tukunyar alminiyam. Idan ya shiga ido, ruwa mai gudu minti 20 zuwa 30 ana buɗe fatar idon da yatsa, sannan asibiti. Tabarau mai rufe gefe ya fi musu takunkumi amfani nesa ba kusa ba.

Injiniya Kabiru: Haka ne Hajiya. Masu niƙa kuma nasu biyu ne. Na farko ƙara: ƙa'ida desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na awa 8, duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, har a 100 ya koma minti 15. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu biyu daga gare ka ya ji, wurin ya kai. Jin da ya tafi ba ya dawowa, auduga a kunne kuma kusan ba ta rage komai, sai toshiyar soso da ake murzawa a tura. Na biyu bel da fuli a tsirara. Raga ta ƙarfe da mai walda zai haɗa cikin awa biyu ta isa ta hana hannun riga, gyale ko hijabin yarinyar da aka aiko niƙa shiga ciki. Ba a mayar da bel inji yana juyawa.

Nura Sakatare: Allah ya saka. Samarin zinariya fa, Dokta? Su sukan ce iyakar haɗarinsu ruftawar rami.

Dokta Bilkisu: Rami mai haƙa kaɗai yake dannewa, ƙura kuwa har gida take binsa. A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma haka. Yara sama da 400 suka rasu. Dutsen da ake samun zinariyar a cikinsa yana ɗauke da dalma mai yawa, irin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi. Ana kawo shi gida, mata su daka a turmi, a niƙa a injin hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A wasu gidajen an auna dalma a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da aka yi aiki da shi a lokacin 400 ne. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega sai 2013 aka yi mata. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Jikin ƙaramin yaro yana shanye dalma ninkin na babba sau huɗu zuwa biyar, tana kuma ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. Wanda ya rayu yakan tashi da raunin fahimta da ba ya gyaruwa. Gwajin jini ne kawai ke nunawa: daga maikirogiram 5 na dalma a desilitan jini a nemi inda take fitowa, daga 45 ake ba yaro maganin da ke fitar da ita. Maganin ba ya amfani idan yaron zai koma gidan da ƙurar take.

Abin da za ku gaya musu ke nan. Dutse ba ya shiga gari, a sarrafa shi can nesa da gidaje da rijiyar sha. A niƙa shi a jiƙe. Injin da ya niƙa dutse ya bar hatsi har abada, haka turmi da buhu. Kayan aiki da takalmi su tsaya a wurin aiki, a yi wanka a can kafin a dawo a ɗauki yaro. Zaiba kuma, lokacin da ake ƙona ta don zinariya ta fito, tururinta ba shi da launi ba shi da wari, yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. A ƙona a fili, cikin rufaffen bututun da ke mayar da tururin ruwa, wanda ma yana dawo musu da zaibar su sake aiki da ita. Kada a taɓa yin haka a murhun girki. Wannan maganar ta wanka da sauya kaya ta shafi masu farfasa batirin mota su narka dalmarsa.

Sista Rabi: Ko dutsen ba shi da dalma, ƙurarsa tana da silika, wato sinadarin yashi da ke cikin dutse. Ita ke sa huhu ya yi tabo ya taurare, ba ta da magani, kuma tana ninka haɗarin tarin tibi. Mai fasa dutse ko mai haƙa da ya yi tari na sati biyu ya je a gwada majinarsa, kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati.

Barista Aminu: Ta fuskar doka, akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa. Mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya cire shi daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya. Ta haɗa har da cutar da sana'a ta jawo da raunin ji. Sai dai mu faɗi gaskiya, mai shagon walda da yaransa uku da ba a rubuta sunansu ko'ina ba, a aikace ba ta kai gare su. Abin da ƙungiya za ta iya shi ne littafi: suna, rana, irin raunin, wane inji, da takardar asibiti. Ba tare da shi ba ko mai haƙƙi ba ya iya tabbatar da haƙƙinsa.

Malam Isiya mai rijiya: Mu tamu dabarar ta iyaye da kakanni ce. Kafin a shiga tsohuwar rijiya a zura fitila da igiya. Ta mutu, ba a shiga. Sai a ɗaure ganye ko buɗaɗɗiyar lema a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya. Ko ita ma za ku ce ba ta da amfani?

Injiniya Kabiru: Tana da amfani, Baba, amma abu ɗaya kawai take gani. Iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta kashi 20.9 ne. Ƙa'idar aiki ta ce ƙasa da 19.5 ba a shiga, fitila kuwa sai ya sauka wajen 16 zuwa 17 take mutuwa. To tana iya ci alhali wurin bai cika lafiya ba. Sannan akwai iska biyu da ke kisa fitila tana ci lafiya lau. Ɗaya hayaƙin injin fetur. Duk wanda ya zura injin jan ruwa cikin rijiya, ko ya ajiye shi a baki salansa tana kallon ramin, ya cika ta da guba marar wari. Inji ya tsaya nesa, iska tana kwashe hayaƙinsa, tiyo kaɗai ke sauka. Ta biyu ta masai da sokawe da kwatamin majema, mai warin baragurbi. Ta fi iska nauyi, don haka ƙasa take kwanciya, kuma tana ɓoye cikin laka sai an motsa ta taso gaba ɗaya. Idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ce ai warin ya tafi, lokacin ne ya fi kusa da faɗuwa. A masai kuma kada a zura wuta sam, akwai iska mai kamawa.

Malam Isiya mai rijiya: Lemar fa?

Injiniya Kabiru: Ta fi zama haka nan, kuma hikimar daidai take, wato a kori ta ƙasa a sauko da ta sama. Amma da zarar mutum ya sauka an daina kaɗawa, iskar kuwa ba ta daina fitowa daga laka ba. Bulowa irin ta maƙera da dogon tiyo mai faɗi har gindin ramin, a hura kafin a shiga, a ci gaba da hurawa muddin mutum yana ciki. Idan ƙungiya za ta sayi abu ɗaya na haɗin gwiwa, na'urar auna iska mai ido huɗu ce, ana zura ta da igiya a tsaya sama, tsakiya da ƙasa, tana ƙara idan da matsala. A riƙa ba da aronta. Idanunta suna tsufa, don haka a tambayi mai sayarwa inda ake saita ta kafin a biya.

Malam Isiya mai rijiya: Igiya dai muna ɗaurawa a ƙugu.

Injiniya Kabiru: A ƙugu, idan mutum ya suma, jawo shi ake yi a naɗe biyu, ya tokare a bangon rijiya, igiyar kuma ta danne masa ciki. Ɗamarar da ke kama kafaɗu da cinyoyi ake so, ƙugiyarta a tsakanin kafaɗu ta baya, don ya fito a miƙe. Igiyar ceto daban da ta guga, a kan ƙafa uku da fuli, da mutum biyu a sama waɗanda ba su da wani aiki sai kallonsa da yi masa magana.

Dokta Bilkisu: Kuma Baba, a yi wa na sama magana tun kafin a fara, don a irin wannan haɗarin sau da yawa gawa biyu ko uku ake fitarwa, na biyu da na uku masu ceto ne. Idan na ƙasa ya yi shiru, ba wanda zai sauka, ko ɗansa ne, ko da tsumma a hanci, ko da N95. A ja igiya, a ƙara ƙarfin bulowa, wani ya kira 'yan kwana-kwana. Da ya fito a kwantar da shi a fili a duba ƙirjinsa. Idan ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓa-karɓa har a isa asibiti. Wanda ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi shi ma a kai shi, saboda ruwa yana iya taruwa masa a huhu bayan wasu awanni.